Talata: hotunan mawaƙan rok da bangon mujallarmu

Tun da aka tashi daga darasin safe na shige ɗakin karatu, ban fito ba sai yamma. Ni aka ɗora wa hotunan mujallar ɗalibai a wannan fitowar, bango da shafukan tsakiya, kuma an ce ƙungiyar kiɗa da ta wasan kwaikwayo za mu nuna. Na buɗe fitowar bara. Mutane ne a jere, hannu a ƙirji, kowa da irin murmushin da ake yi idan an ce a yi. Na san yaran nan, na ga yadda suke jiƙewa da gumi a wajen atisaye, amma ko alamar hakan babu a shafin.

Shi ya sa na koma kallon hotunan mawaƙan rok, wato kiɗan Turawa mai ƙarfi na jita da ganga, don a can ne na fi ganin hoto mai rai. Wanda ya riƙe ni shi ne na Pennie Smith, wanda ta ɗauka a zauren Palladium da ke New York a watan Satumba na 1979. Paul Simonon na ƙungiyar The Clash ne ya duƙa, ƙafafu a ware, ya ɗaga jitarsa zai maka ta da ƙasa. Fuskarsa ma ba ta fito ba. Hoton dishi-dishi yake, har ita mai ɗaukar ba ta so a yi amfani da shi ba, sai da mawaƙin ƙungiyar, Joe Strummer, ya dage. Shi ne ya zama bangon faifan London Calling. Na daɗe ina kallonsa. Dishi-dishin nan ne ke sa ka ji kamar kana tsaye a gefen dandamali, kana ja da baya don kada jitar ta same ka. Da ya fito tangaran, ina ganin da rabin fushin ya tafi.

Daga nan sai na Ed Caraeff: mawaƙi Jimi Hendrix a durƙushe gaban jitarsa tana ci da wuta, a bikin kiɗa na Monterey da ke Kalifoniya, Yuni 1967. Shekarar Caraeff 17 a lokacin, ɗan sakandare, kuma bayan shekara 20 mujallar Rolling Stone ta sa hoton a bangonta. Wallahi wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ɗalibi ne kamarmu, ya matsa kusa, ya tsaya har abin ya faru.

Na kuma duba na Kevin Cummins, inda 'yan ƙungiyar kiɗa ta Joy Division ke tsaye can nesa a kan wata gada a Manchester, cikin dusar ƙanƙara, a Janairun 1979. Mutanen ƙanana ne, fili ya cinye hoton. Irinsa nake so wa shafin tsakiya, a bar wa rubutu wuri a sama.

Wani abu na lura da shi. A manyan wasanni na yanzu, akan bar masu ɗaukar hoto su yi waƙoƙi uku na farko ne kawai, ba tare da kunna fitilar kyamara ba, sannan a fitar da su. To Hendrix a ƙarshen wasansa ya cinna wutar, Simonon ma sai da wasa ya yi nisa ransa ya ɓaci. Da wannan doka ta yi aiki a kansu, babu ɗaya daga cikin hotunan biyu da za mu gani. Mu kuwa ba mai korarmu. Muna iya zama har a kashe fitilu, mu bi su bayan dandamali, lokacin da gajiya ta sa sun manta da kyamara.

Da yamma na kai wa editarmu maganar. Ta kalli hoton Simonon ta ce, "'Yar'uwa, idan kika kawo mini irin wannan, Malam zai ce ba ki iya saita kyamara ba." Damuwarta gaskiya ce, kuma ta ƙara da cewa kowane ɗalibi yana son a gane fuskarsa a mujalla, ya nuna a gida. Mun daidaita a kan haka: shafi ɗaya na hotunan jere da sunaye, bango da tsakiya kuwa nawa ne, baƙi da fari.

Ranar Alhamis ke da atisaye. Zan je tun suna ɗaura wayoyi, in kashe fitilar kyamara, in ƙara mata ƙarfin karɓar haske ko da hoton zai yi tsaki-tsaki. Mai ganga zan fara sa wa ido, don shi ke zama can baya inda ba a cika ɗaukarsa ba. Sai dai dole gobe in nemi izinin shugaban ƙungiyar ya bar ni in hau gefen dandamali.