Allurar gwiwa da atisayen fisiyo: na gwada duka biyun

Ciwon gwiwa ba ya zuwa da hayaniya. Nawa ya fara ne da ƙas-ƙas idan zan miƙe daga zaman tahiya, daga nan tsugunno a banɗaki ya zama aiki, har ta kai ina sallar farilla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu. Da aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya nuna mini yadda tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar dama ta tsuke. Ya ce guringuntsin ne ya zaizaye, wato amosanin gaɓɓai irin na girma, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Shi ya kawo maganar allurar hayaluronik asid. Sinadarin dama yana cikin ruwan gaɓar kowa, shi ke sa ruwan yauƙi da santsi, amma a gwiwar da ta lalace sai ya tsinke. Tun 1934 aka gano shi a idon saniya, kuma kafin a fara yi wa mutane, a gaɓoɓin dawakan sukuwa aka gwada shi. A da daga zankon zakara ake tatso shi, yanzu galibi ƙwayoyin bakteriya ke samar da shi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurai irinsu Hyalgan da Synvisc a 1997.

Aka yi mini, mako-mako. Ana goge gefen ƙoƙon gwiwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a soka allura har cikin gaɓar, sai ka ji wani cikowa kamar an hura maka ƙafa. Kuɗin kuwa ya girgiza fanshona ba kaɗan ba. Gaskiya na ji sauƙi, ba zan ɓoye ba. Sai dai kafin damina ta zagayo ciwon ya dawo inda yake, kujerata ma ba ta bar masallaci ba.

Ɗiyata ce ta matsa mini na je sashen fisiyo, inda ake jinya ta hanyar atisaye da motsa jiki. Wata matashiyar ma'aikaciya ta sa ni na zauna a bakin gado, ta dafa cinyata ta ce, "Baba, miƙe ƙafar ka riƙe." Ban kai ƙirga goma ba cinyar ta hau rawa. Ta ce, "Ka gani ko, Baba? Rabin matsalar a nan take, ba a gwiwar kaɗai ba."

Bayanin da ta yi mini shi ya sauya mini tunani. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai an motsa an taka ruwan ke shiga yana fita. Ashe nasihar da kowa ke yi wa dattijo, a zauna a lallaɓa ƙafa, ita ke ƙara kashe tsokar cinya, nauyin jiki duka ya koma kan gaɓar da ke kuka. Ta ba ni aikin gida: ɗaga ƙafa a miƙe ina kwance, tashi daga kujera da komawa ba tare da dafa hannu ba, hawa matakala ɗaya da sauka, sai tafiya bayan sallar asuba. Ta kuma ce in rage tuwon dare, domin kowane kilo ɗaya da mutum ya zubar yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku.

Makonnin farko sun yi ɗaci, har uwargida ta ce in bari kada in ƙarasa ƙafar. Ƙa'idar da aka ba ni ita ce, in zafin ya lafa kafin washegari to a ci gaba, in ya wuce haka ko gwiwar ta kumbura a sassauta. Sauƙin ya zo a hankali, sai wata rana na lura na sauko daga Keke Napep ban nemi abin kamawa ba.

Daga baya ɗiyar tawa ta karanto mini abin da masana suka samu. A 2022 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje 169 da suka shafi mutum sama da 21,000, aka ga bambancin allurar hayaluronik asid da ta bogi kaɗan ne ƙwarai. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada a ba masu wannan ciwo allurar, ta sa motsa jiki a sahun gaba. A Denmak ma tun 2013 suke da shirin GLA:D, atisaye sau biyu a mako har mako shida a gaban masu fisiyo.

Ba na zargin wanda ya zaɓi allura, musamman wanda zafi ya hana shi ko fara motsi. Ni dai ban koma ba. Atisayen ma ba warkewa ba ne, da na yi sakaci lokacin azumi sai da cinyar ta sake saki, na faro kusan daga tushe. Yanzu ina sujada a ƙasa mafi yawan lokuta, ranar da hunturu ya tsananta kuma in jawo kujera. Likita ya ce in zaizayar ta ci gaba za mu zauna mu tattauna batun aikin sauya gwiwa.