Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tayil ɗin Santambul a Bangonsa

Makon jiya mun tsaya a saukarmu Santambul cikin watan Afrilu. Yau zancen adon masallatai ne, domin tayil ɗin garin Iznik da ake killacewa a gidajen tarihi na Turai, a nan yana manne a bangon da aka yi shi dominsa.

Yawancin baƙi Masallacin Sultan Ahmad suke nufa, wanda aka kammala a 1617. Tayil sama da 20,000 ne a cikinsa, amma mafi kyawunsa yana can sama, sai dai hange, ga cunkoso. Mai son ganin aiki ido da ido, ya hau jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba T1 ya sauka a Eminonu, ya bi ta bayan Kasuwar Masar, inda ake sayar da kayan yaji, ya nemi Masallacin Rustam Fasha. Nan mutane ke ɓata: a kan shaguna aka gina shi, babu ƙofar da ke kallon titi, sai wata 'yar matattakala mai duhu. Idan ka ga kana zagaye, tambayi mai shago kawai.

Sinan, sarkin maginan daular Usmaniyya, shi ya tsara shi wajen 1563 don Rustam Fasha, wazirin Sultan Sulaiman kuma mijin 'yarsa. Tayil ya rufe bango da ginshiƙai har mihrabi. Ka matsa kusa ka dubi jan launin daga gefe: ya ɗan yi tudu a ƙarƙashin ƙyallin, saboda jar ƙasa ce mai sinadarin ƙarfe da ake shafawa da kauri kafin a gasa. Lokacin masu gasa tayil na Iznik ba su daɗe da fara wannan ja ba, shi ya sa shuɗi ya fi yawa. Kada dai a taɓa.

Amfanin Afrilu shi ne furen tulib. Ka fara ratsa lambun Gulhane da safe ka ga furen a raye, sannan ka zo ka gan shi a bango, an zuƙe shi siriri mai tsinin baki.

Ayasofya kuwa, tsohuwar majami'ar Rumawa da aka gina a shekarar 537, an sake mayar da ita masallaci a 2020. Tun 2024 masu yawon buɗe ido biya suke yi su hau bene, inda hotunan Kiristocin Rumawa na ƙananan duwatsu da gilashi suke. Mai sallah ƙasa yake shiga, kuma daga nan ake ganin manyan faya-fayan rubutun Mustafa Izzat, gwanin rubutun Larabci na ado, kowanne faɗinsa mita 7.5.

A guji safiyar Juma'a, ana rufe wasu masallatan ga masu ziyara sai bayan sallah. A riƙe lema da rigar sanyi, don ruwan Afrilu ba ya sallama, a kuma sa takalmi mai sauƙin cirewa.

Mako mai zuwa za mu hau tudun Masallacin Sulaimaniyya.