Ashe ba sanyi ba ne

Talata, Agege.

Yau na je asibiti a kan matsalar da na shafe kusan shekara biyu ina ɓoyewa. Tun da al'adata ta ɗauke ina da shekara 51 na fara jin bushewa da raɗaɗi a gabana, kwanciyar aure ta zama wahala, fitsari kuma yana matsa mini ba shiri. Ko yau, a cunkoson motocin Oshodi, sai da na dafe marata a cikin danfo ina addu'ar Allah ya rufa asiri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne alwala, wadda ba ta daɗewa a jikina.

Na ɗauka ciwon sanyi ne, kamar yadda muke kiran duk abin da ya taɓa mu a wurin nan. Sau uku ina sayen magani a kemis, na yi tsarki da ruwan bagaruwa, wata maƙwabciya ma ta kawo mini haɗin matsi mai alimun, wanda ya ƙara mini zafi.

Likitar, Bayarabiya ce mai haƙuri, ta duba ni, ta sa aka gwada fitsarina, sannan ta ce: "Hajiya, babu ƙwayar cuta a nan." Ta bayyana mini cewa idan al'ada ta ɗauke, sinadarin jikin mace da ake kira estirojin yana raguwa, sai fatar farji ta yi siriri ta bushe, kuma mafitsara da hanyar fitsari su ma da shi suke dogara, shi ya sa matsalolin biyu suke tafiya tare. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tsaron wurin su ma suna raguwa, don haka cutar mafitsara takan yawaita. Maganar da ta fi tsaya mini ita ce, zafin jiki da gumin dare sukan lafa da kansu, amma wannan bushewar ƙaruwa take yi idan an ƙyale ta. Ni kuwa ina ta jira ta wuce.

Kafin ta rubuta magani ta tambaye ni ko na taɓa yin cutar dajin nono, ko kuma na ga jini bayan ɗaukewar al'ada, domin irin wannan jinin dole ne a bincike shi. Na ce a'a. Ta ba ni man estirojin da ake sakawa a ciki, kullum da dare har mako 2, daga nan sau 2 a mako, ta ce kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini. Ta haɗa da man santsi na ruwa don lokacin kwanciya, ta hana ni sabulu mai ƙamshi da duk wani matsi.

Bayan sallar isha'i na zaunar da Alhaji na faɗa masa komai. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce shi ya ɗauka gudunsa nake yi. Gobe zan kira Yaya a Kano, domin bara ta yi mini irin wannan kukan, ni kuma na ce mata ta jiƙa bagaruwa.