Zafin Kaduna da awon tururin gamma

Aikinmu awon tururin gamma ne, wato hasken nukiliya marar ganuwa da wasu sinadarai ke fitarwa. Masu fasa dutse suna kawo mana tsakuwa, masu haƙar ma'adinai suna kawo yashi a leda, dillalan tsofaffin ƙarafa kuma kan kira mu mu duba lodi kafin tirela ta tashi. Lamba muke sayarwa a takarda, kuma ni a wurina lambar nan ba ta da daraja sai an san a wane zafi aka ɗauke ta.

A cikin na'urarmu akwai ƙiristal na sodiyam ayodaid mai ɗan taliyam, irin wanda Robert Hofstadter ya gano amfaninsa a Amurka a 1948. Idan gamma ya shige shi sai ya yi ɗan ƙyalli, bututun gilashin da ke manne da shi ya mai da ƙyallin lantarki, ya ninninka shi har kwamfuta ta iya ƙirgawa. Kwamfutar na jera ƙirgar a zane bisa ƙarfin gamman, kuma kowane sinadari da inda tudunsa ke tsayawa a zanen: siziyam-137 a 662 keV (ma'aunin ƙarfin gamma), fotasiyam-40 a 1460, na zuriyar toriyam can sama a 2614. Da wurin tudun muke gane mai shi.

To, ƙiristal ɗin da bututun duk suna jin zafi. Idan gari ya ɗau zafi ƙyallin kan ragu, ninkin bututun ma ya sauka, sai tudun ya zame daga mazauninsa. A kowane digiri zamewar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, shi ya sa wasu ke raina ta. Amma a Kaduna muke. Asubar hunturu sai da rigar sanyi, azahar ɗin watan Maris kuwa ta doshi digiri 40, balle a cikin but ɗin mota. Zamewar kashi 3 kacal tana kawar da tudun fotasiyam da sama da 40 keV, na toriyam da kusan 80. Gefen tudun ya fice daga tagar ƙirga, wato yankin zanen da aka ware wa sinadarin, lissafi ya fito ƙasa da gaskiya, mai kaya ya tafi da murna a kan ƙarya.

A Zariya na koyi maganin wannan, a hannun wani dattijon malami mai tsananin haƙuri. Yakan sa na'ura a akwatin da ake saita zafinsa, da ɗan siziyam a gabanta, ya ɗaga zafin kaɗan, sannan ya ce mu je mu yi salla mu ci abinci. Ni da ɗokin ƙuruciya nakan ce, "Malam, ai ma'aunin ya tsaya." Sai ya ce, "Iskar akwatin ce ta tsaya, yaro, cikin ƙiristal bai ji ba tukuna." Sai bayan sa'o'i muke rubuta inda tudun ya zauna, mu ƙara zafi, mu sake jira. Idan mun kai sama mu sauko a hankali muna sake rubutawa. Shi ya hana ni fito da na'ura daga ɗaki mai sanyi kai tsaye zuwa rana, domin ƙiristal ɗin kan tsage, kuma idan damshi ya sami ƙofa sai ya yi rawaya ya lalace.

Har yau haka nake yi. Kowace na'ura a shagonmu da jadawalinta, don ko masana'antarsu ɗaya halinsu ba ya zama ɗaya. A fili kuma ina da mai tsaro na kyauta: fotasiyam-40 yana cikin ƙasa, yana cikin bulo da siminti. Ina yawo da gwangwanin takin fotash a rufe, kafin awo da bayansa in duba ko tudunsa na nan a 1460. In ya gusa, da gwargwadon gusawar nake miƙe zanen gaba ɗaya kafin in ƙirga komai. Wasu na'urorin suna da 'yar fitila a ciki don gyaran kansu, sai dai bututun kawai take lura da shi, ba ruwanta da ƙiristal.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sayo ɗan mita mai araha a intanet, su ɗora shi kan kaya da tsakar rana, ya yi ƙara sau biyu, su buga hatimi. Ba jadawali, ba lasisin NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkokin nukiliya a Najeriya, ba su ma san wane sinadari suke ji ba. Sai ka ji mai kaya yana cewa, "Haba Injiniya, wani ya yi mini a rubu'in kuɗinka, kuma nan take." Nakan ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, duba takardarsa, a ina ya rubuta zafin wurin?" A tamu akwai zafin farko da na ƙarshe, da inda tudun ya tsaya, da gyaran da aka yi.

Mai son awon yuraniyam a yashi ko tsakuwa ya zo da wuri. Sai mun busar da samfurin, mun niƙa, mun toshe shi a gwangwani kimanin mako 4, domin iskar radon ta daidaita da radiyam ɗin da ke haifar da ita, sannan ya hau na'ura.