Shuɗiyar Riga a Mae Sot

Motar dare ce ta ɗauko ni daga Bankok, muka kwana a hanya, gari na wayewa muka gangaro daga cikin duwatsu zuwa Mae Sot, garin da ke kusa da kogin Moei, inda Tailan ta yi iyaka da Myanmar, ƙasar da kakanninmu da suka je yaƙi suke kira Bama. Na isa a tsakiyar zafin Afrilu, kuma abin da ya kawo ni shi ne ɗan ƙaramin gidan tarihi na ƙungiyar AAPP, wadda tsofaffin fursunonin siyasa na Myanmar suka kafa a 2000 domin tallafa wa 'yan uwansu da ke tsare.

Wanda ya zagaya da ni shi ma ya sha zaman kurkuku. Ya nuna mini taswirar gidan yarin Insein na Yangon, da mari mai sandar ƙarfe da ke hana ƙafafu haɗuwa, da bangon da hotunan fursunoni suka cika. Amma inda ya fi daɗewa shi ne gaban hoton wani dattijo mai furfura sanye da shuɗiyar riga, wato U Win Tin, ɗan jarida kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa NLD, jam'iyyar masu neman dimokuraɗiyya a Myanmar. An kama shi a 1989, aka sake shi a 2008 bayan shekara 19, ya fito da shuɗiyar rigar fursuna a jikinsa, ya kuma ƙi rabuwa da wannan launi muddin akwai sauran fursunan siyasa a ƙasar. Bai saɓa alkawarin ba har ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 2014.

Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin duk wanda ya fito daga wahala, abin da yake fara yi shi ne yar da duk abin da zai tuna masa da ita. Su ma mutanen Bama haka al'adarsu take: wanda aka sako yakan wanke kai da tayaw kinpun, wani ruwan wanki da ake haɗawa daga ɓawon itace da 'ya'yan wata ƙaya, domin ya rabu da rashin sa'ar gidan yari. To ga mutum ya ɗauki tufar da aka sa masa don wulaƙanci, ya mayar da ita bashin da ake binsa, yana yawo da ita a gaban waɗanda suka ɗaure shi. Ban san wata zanga-zanga da ta fi wannan nauyi ba.

Na jinkirta komawata har ranar 21 ga wata, wadda suke kira Ranar Shuɗiyar Riga. Tun bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairu, 2021, gidajen yari sun sake cika da dubban mutane, saboda haka taron ba na tsofaffi kaɗai ba ne, har da samari da 'yan mata da suka tsallako kogi kwanan nan. Kowa ya zo da shuɗiyar rigarsa, kowa ya rubuta sunan wani fursuna a tafin hannunsa, ya ɗaga shi sama a ɗauki hoto. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta rubuta sunaye biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma da gumi ya fara narkar da tawadar sai ta karɓi alƙalami ta sake bin haruffan a hankali.