Kafin Ku Zaɓi Harsashin Babbar Bindiga Mai Liba

Ƙannena masu sha'awar farautar manyan namun daji a Amurka da Kanada, kada ku zaɓi harsashi don gudunsa kawai, domin a nan na yi asara. Na sayi bindiga mai liba, wato wadda ake ɗana ta da jan wani hannu da ke ƙarƙashinta, mai cin harsashin .444 Marlin, wanda aka fito da shi a 1964, saboda ya fi .45-70 na kanti gudu nesa ba kusa ba. Abin da ban bincika ba shi ne, kaurin kansa ɗaya ne da na ƙaramar bindiga .44 Magnum, kuma wanda na ɗura, mai nauyin giren 240 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), rigarsa ta jan ƙarfe ba ta da kauri. Da ya sami kafaɗar mus, wata dabba mai kama da ƙatuwar barewa da namijinta kan haura kilo 500, sai ya tarwatse a kan ƙashi bai kai huhu ba, dabbar ta shige daji da rauni. Laifin nawa ne, domin mai giren 265 ko 300 da ya ratsa.

Na biyu shi ne samuwa. A ƙananan garuruwan da ake tashi farauta daga cikinsu, .45-70 ne za ku fi tararwa a kanti, duk da cewa tun 1873 sojojin Amurka suka fara amfani da shi. Tsufan nan nasa yana buƙatar lura: ana rage wa na gama-gari albarushi don kada ya fasa tsofaffin bindigogi, masu ƙarfin kuwa sai bindigar zamani irin sabuwar ƙirar Marlin da ake kira samfurin 1895, saboda haka ku karanta kwali da kyau. An ƙera .450 Marlin a 2000 don a raba wannan gardama, aka yi wa gindin kwansonsa ɗamara yadda ba zai shiga tsohuwar bindiga ba, amma samunsa yana da wuya. Ni .45-70 nake ba mafari shawara.

Dukkansu suna saurin sunkuyawa bayan mita 150, kuma suna dukan kafaɗa har mutum ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama, abin da na daɗe ina fama da shi. Ku fara atisaye da masu sauƙi. Kada kuma ku ɗura harsashi mai tsinin ƙarfe a bututun jera harsasai da ke ƙarƙashin bindigar, domin tsinin kowanne yana tokare da gindin na gabansa, kuma girgizar harbi tana iya tayar da su.