Gawon leda da gawon kashin awaki

Wanda ke son zomo da kurege su dawo gefen gonarsa da bazara, gawo zai nema. Daga tsakiyar hunturu har Afrilu, lokacin da ciyawa ta ƙare a tudun Gwadabawa da Illela na jihar Sakkwato, 'ya'yansa ke zubowa jajaye a murɗe, dabbobin daji da na gida duk a gindinsa suke haɗuwa. Jan biri ma yana ci, furensa kuma na kudan zuma ne. Shi ya sa na shiga renonsa.

Iri bai ba ni wahala ba. A kaɗo 'ya'yan daga sama da sanda, domin wanda ya daɗe a ƙasa ƙwaro ya riga ya huda shi, za ka ga ɗan rami kamar na allura. A ɓare, a zuba a ruwa, wanda ya taso a zubar. Ɓawon ƙwayar tauri gare shi, sai a ɗan ciza gefensa da abin yanke farce, nesa da idon, a jiƙa kwana guda. Cikin mako ya tsiro.

Leda ce ta cinye mini shekara. Na shuka tun Janairu don su yi ƙwari kafin damina, ashe a wurin gawo wannan lissafin baya ne. Shi ƙasa yake fara tafiya. Tsiron da bai wuce taƙi ɗaya a sama ba, saiwarsa ta riga ta kai gindin leda, ta nannaɗe kamar gammo, ko ta fasa ta shige ƙasar wurin reno. Ranar dashe, duk ledar da na ɗaga sai in ji ƙas, babbar saiwa ta tsinke. Da damina ba a gane komai, ƙasa da laima. Sai zafin Maris ya zo, saman ƙasa ya bushe, su kuma ba abin da ya sauka neman ruwa. Haka na riƙa bi rami rami ina tsinko busassun tsinke, bayan taki da shinge da jidon ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai, a kusurwar da awaki ke kwana wasu sun fito da kansu daga cikin kashi, ba leda ba ban ruwa, kuma su suka tsallake bazarar. Cikin akuya ya sassauta ɓawon, kashin ya zama taki, saiwa ta miƙe ba wanda ya taɓa ta.

Yanzu in dole sai leda, doguwa nake nema, in shuka a Afrilu, in dasa a Yuli ruwa ya zauna. Wata uku, kada ya wuce. Ledojin a kan dandamali nake jera su don saiwar ta tsaya da ta ji iska, kuma tsaga ledar ake yi da reza, ba a zare tsiron. Amma na fi natsuwa da shuka kai tsaye: ƙwaya uku a rami, tazarar mita 10, a bar mai ƙarfi ɗaya. Wanda ya fito da kansa kuwa, a kafa masa alama kafin noman fari, a rage masa rassan ƙasa.

Shinge na ƙayar magarya ba sassauci, domin da rani yana cikin 'yan tsirarun da ke kore a fili, akuya daga nesa take hango shi. Kuma a roƙi makiyaya da girma su bar sare rassan manyan. Gawon da aka yi wa ƙwal yakan yi shekaru bai zuba 'ya'yan kirki ba, sabon dashe kuma sai ya kai shekara bakwai ko fiye kafin ya fara. Ni shekara ɗaya ta ƙaru a kan tawa saboda leda.